Bakaniken Panteka da ya tayar mana da Stihl 070

Duk wanda ya san harkar katako a ƙasar nan ya san Stihl 070, injin yankan itace na Jamus ɗin nan mai sarƙa, mai nauyin tsiya, mai cc 106. Namu na yayana ne. Da shi yake tsaga katako a dazukan Birnin Gwari har rashin tsaro ya hana shiga daji, ya jingine shi a ɗakin ajiya shekara da shekaru, da sauran mai a tanki. Da iskar damina ta kayar mana da darbejiya a gona, sai na kai shi wajen wani bakanike a kasuwar Panteka ta Kaduna, wanda masu gyaran janareta suka yi mini kwatancensa.

Mutumin nan bai ja igiya ba. Yaron shagon ya kai hannu zai ja, ya daka masa tsawa, sannan ya juyo gare ni: "Alhaji, injin da ya daɗe a kwance, in aka ja shi a bushe, da hannunka za ka karce fistin." Ya kwance salansa, sai ga ginin zanzaro ya toshe ta. Ya haska fitilar waya ta kafar hayaƙi, ya ce in leƙa: fistin sumul, ringi bai kama ba. Sai a lokacin ya faɗi kuɗin aiki. Da fistin ya ci, in ji shi, da ya ce in mayar da abina gida in yi lissafi tukuna. Wannan kaɗai ya sa na yarda da shi.

Man tankin ya koma ja, yana warin tsohon fenti, tiyon mai kuma ya tsattsage. Amma ainihin ciwon yana cikin kabureta. Ba irin ta babur ba ce mai kofin tara mai, domin injin yanka yakan yi aiki a karkace ko a kife. Wata 'yar siririyar fatar roba ce ke tura man, ita kuwa ta bushe ƙayau kamar ganda. Ya ajiye mini kaya iri biyu a kan benci, na asali da ɗan Chana, ya faɗi farashin kowanne. Shawararsa: kayan kabureta a sa na asali, igiya kuwa kowace ce ta yi. Fulogi ma bai canja ba, goge shi ya yi ya daidaita bakinsa.

Batun haɗin mai ya tsaya a kai sosai, tunda injin ba shi da wurin baƙin mai daban, a cikin fetur ake zuba masa. Da man Stihl, mililita 100 a lita 5 na fetur. In wani man ne na kasuwa, ya ce a ninka.

Inda muka saɓa shi ne man sarƙa. Na tarar ya cika tankin man da ke shafa sarƙar yanka, wanda daban yake da na fetur, da baƙin man da aka juye daga mota. Haka kowa ke yi, na sani, amma ƙurar ƙarfen da ke ciki tana cin famfo da sarƙar kanta. Na sa ya zubar, yana ƙunƙuni. Wasa sarƙar ma sai da muka koma kanta: ya bi haƙora da magagari mai milimita 5.5, ya bar 'yan ƙusoshin da ke gaban haƙoran ba a rage ba, injin na ta zubar da gari maimakon ɓarzajen dusa. Ga shi "gobe" ɗinsa ba ta da rana.

Injin ya tashi dai, kuma darbejiyar ta zama guma-gumai. Namu ba shi da birkin sarƙa irin na sababbin injina, don haka ba na ba yara shi. Wanda zai kai nasa ya je da safe, ya riƙe man sarƙarsa, ya kuma ce a gwada a kan gungume a gabansa kafin ya biya ciko.