Ƙwan fitilar zenon na Osram Night Breaker Laser: abin da na gani bayan wata takwas

Motata Lexus ES350 ce ƙirar 2010 da aka shigo da ita daga Amurka, kuma kusan kowace Juma'a nakan bar Kano bayan sallar Magariba in nufi Dutse, wato in bi ta Wudil a daidai lokacin da kasuwa ke watsewa, manyan motoci ɗauke da shanu suna hawa titi, masu babura da yawa kuma ba su da fitilar baya. A irin wannan tafiya ne na fara lura cewa ina matse ido fiye da da, har na ɗauka ganina ne ya ragu. Sai wani dare da na tsaya a gaban katangar gida fitilu a kunne, na ga hasken ɓangaren dama ya koma ruwan hoda-hoda, na hagu kuma ya dushe kamar tocila mai tsohon batir. Haka ƙwan zenon, wato ƙwan fitilar mota da ke ba da haske ta hanyar tartsatsin lantarki a cikin iskar gas, yake tsufa: ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya kamar ƙwan halojin mai siririyar waya a ciki ba, a hankali yake zubar da haskensa yana sauya launi, mai mota kuma yana sabawa da duhun ba tare da ya ankara ba.

Kuskurena na farko shi ne gaggawa. Na shiga wani shagon kayan gyara na ce a ba ni wanda ya fi kowane haske, aka miƙo mini kwali mai walƙiya da aka rubuta 8000K a jikinsa da manyan baƙaƙe, mai shagon kuma ya tabbatar mini cewa yawan lambar shi ne yawan hasken. Da aka saka su, motar ta yi kyau ga mai kallo daga waje, shuɗin haske kamar na walda, amma ni da ke riƙe da sitiyari sai na ga kwalta ta shanye hasken gaba ɗaya, musamman ranar da aka yi yayyafi. Kafin wata biyu ɗaya ya fara ƙiftawa yana ɗaukewa. Lambar nan mai harafin K launin haske take nunawa, babu ruwanta da ƙarfinsa. Ƙwan zenon da kamfanonin mota ke sakawa tun daga masana'anta yana tsakanin 4100 da 4300 ne, fari mai ɗan ratsin rawaya, kuma idan lambar ta wuce 6000 hasken da ke sauka a titi raguwa yake yi, shuɗin ne kawai ke ƙaruwa.

Bayan wannan asara ne na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun farko, wato cewa ƙwayayen zenon iri-iri ne kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Akwai D1, D2, D3 da D4, kowanne da harafin S ko R a ƙarshe. Harafin S na fitila mai idon gilashi ne a ciki, irin ta motata, R kuma na fitilar da madubin ciki kaɗai ke tattara mata haske, shi ya sa ake shafa wa gilashinsa baƙin zane don kada ya watsa haske a idon masu zuwa. D1 da D2 suna aiki da wuta bolt 85 kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu, D3 da D4 kuwa bolt 42 suke ci kuma babu makuri. Motata D4S take ɗauka. An yi wa gindin kowane iri tsaga a wuri daban don kada ya shiga gurbin da ba nasa ba, sai dai na ji mai wayarin ɗina yana ba da labarin yadda wasu ke sa zarto su faɗaɗa tsagar D2S su cusa shi a gurbin D4S, abin da ke wahalar da balas, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar ƙwan, wanda kuɗinsa ya fi na ƙwan nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro tsohon ƙwan a karanta abin da ke rubuce a gindinsa kafin a je kasuwa.

A ƙarshe zaɓina ya tsaya tsakanin ƙwayaye biyu da aka fi sani a wannan fage, Xenarc Night Breaker Laser na kamfanin Osram na Jamus, mai lamba 66440XNL a nau'in D4S, da X-tremeVision gen2 na Philips. Na ɗauki na Osram ne saboda shi wani ɗan'uwana ya samo mini cikin sauƙi daga dillalin da na yarda da shi, don haka ba zan yi hukunci a kan na Philips ba tunda ban hau titi da shi ba. A jikin kwalin akwai takardar shaida mai lambar da ake shigarwa a shafin kamfanin na intanet don a tabbatar ba jabu ba ne, kuma na yi hakan kafin in yage kwalin. Wannan ɗan aiki na minti biyu ya zama dole, domin jabun ƙwayayen zenon masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun cika kasuwannin duniya, kuma kwalinsu kan yi kama da na asali har ido ya kasa rarrabewa. Idan aka yi maka tayin ƙwan mai wannan suna a kuɗin da bai kai rabin na dillali ba, to akwai lauje cikin naɗi.

A kan kwalin an rubuta cewa haskensa ya kai ƙarin kashi 200 cikin ɗari, kuma yana iya kaiwa nisan mita 250. Wannan magana tana buƙatar a karanta ta da natsuwa, domin ƙananan rubutun da ke ƙasa sun bayyana cewa an auna ƙarin ne da mafi ƙarancin hasken da dokar Turai ta amince da shi, ba da sabon ƙwan zenon na yau da kullum ba. Ita wannan doka ta ƙayyade cewa ƙwan D4S mai wat 35 ya ba da lumen 3200 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), da sassaucin 450 sama ko ƙasa, saboda haka babu wani halastaccen ƙwai da zai ninka ɗan'uwansa sau uku a yawan hasken da ke fita daga cikinsa. Abin da masu tsadar ke yi shi ne su ƙara ƙarfin tartsatsin da ke tsakanin ƙarafa biyun cikin gilashin, su kuma ajiye shi daidai inda madubin fitilar ke buƙata, ta yadda kaso mafi yawa na hasken zai tafi can gaba inda direba ke nema. Wanda ya sayi ƙwan yana tsammanin dare zai koma rana zai yi takaici, kuma da an rubuta ma'aunin da manyan baƙaƙe kamar yadda aka rubuta lambar 200 da ya fi.

Ranar sakawa ban taɓa komai da hannuna ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada idan bai saba ba, saboda wutar da ke tayar da ƙwan zenon a daƙiƙar farko tana haura bolt 20,000. Mai wayarin ya kashe komai, ya cire kan batir, ya sa safar hannu mai tsabta don kada maiƙon yatsa ya taɓa gilashin. Da ya ciro tsohon ƙwan masana'anta da na ajiye a aljihun mota ya ɗaga shi ga hasken rana, sai ya nuna mini ɗan kumburin da ke tsakiya, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ya yi fari fat kamar an shafa masa alli, ƙarafan cikinsa kuma sun cinye. Daga nan ya shafa murfin fitilar da tafin hannu ya ce, "Alhaji, ko ƙwan zinare ka saka a bayan wannan robar, rabin kuɗinka a ciki zai tsaya." Gaskiyarsa ce, domin ranar ƙasarmu ta riga ta dafa robar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ni kuma da nake ganinta kullum ban ɗauke ta a bakin komai ba. Na ce masa, "Oga, yi abin da ya kamata." Ya goge ta da sanfefa mai laushi da ruwa mataki-mataki, sannan ya fesa mata sabon rufi mai kare ta daga rana, wanda idan aka tsallake shi robar kan sake dushewa cikin 'yan watanni.

Saboda son in san gaskiyar abin da na biya wa kuɗi, na roƙe shi ya saka sabon ƙwan a ɓangare ɗaya tukuna, a ɗayan kuma ya saka sabon ƙwan D4S na asali marar ƙari da ya aro mini daga kayan wani aiki, muka jira duhu ya yi muka haska katanga daga nisan mita 10. Bambancin yana nan amma ba mai firgitarwa ba ne. Na Osram ya fi fari kaɗan, kuma tsakiyar haskensa, dab da ƙasan layin da ke yanke haske daga sama, ya fi cika da ƙarfi. A gefe da gefe kusan ɗaya suke. Babban tsallen da na gani a wannan dare tsakanin tsofaffin ƙwayaye da sababbi ne, ko wane iri ne kuwa, sannan tsakanin dusasshiyar roba da gogaggiya. A nan ne kuma muka gano cewa fitilar hagu tana kallon sama fiye da kima, watakila tun wani karo da aka yi da motar kafin ta zo hannuna, aka juya kusoshin saiti har layin hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar a wannan nisa. Tun daga ranar masu zuwa suka daina watsa mini doguwar fitila don su rama.

A kan titi kuwa, inda hukuncin gaskiya yake, ƙarin da ya yi kamar kaɗan a katanga ya fi bayyana. Tsakanin Wudil da Kwanar Huguma akwai wuraren da babu fitilar gida ko ta shago, kuma a nan nake ganin mai keke ko akuyar da ke bakin kwalta da ɗan sauran lokaci fiye da yadda na saba, lokacin da ya isa in ɗaga ƙafa daga totur cikin natsuwa maimakon in danne birki. Allunan hanya masu ƙyalli suna tashi tun daga nesa. A damina, kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya yi nesa da shuɗin nan na farko, ko da yake babu ƙwan da ke hana ruwa haɗiye haske. Da hunturu ya shigo da hazonsa na ga iyakarsa, domin a daren da ƙura ta yi kauri farin hasken yana ɗan dawowa ido, kuma a irin wannan dare rage gudu ya fi kowace fitila amfani. Wannan ne ma ya sa na gode da ban ɗauki masu launin 6000 ba, duk da cewa kamfanonin biyu suna yin irinsu na asali ga masu son ado.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sa a lissafi. A wannan mota ƙwan zenon gajeriyar fitila kaɗai yake yi wa aiki, doguwar fitila halojin ce mai zaman kanta, don haka canjin bai taɓa ta ba, sai ma ya sa rawayarta ta ƙara fitowa idan an kunna su tare. Sannan ƙwayayen da aka matsa wa don su ƙara haske bisa al'ada ba su kai na yau da kullum daɗewa ba, su na yau da kullum ɗin kan yi sa'o'i 2,000 zuwa sama. Nawa dai wata takwas ke nan ba su ƙifta ba, launinsu iri ɗaya, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi suke kai cikakken haske kamar ranar farko. Wani abokina ya ba ni shawarar in sauya balas zuwa mai wat 55 idan haske nake nema da gaske, na ƙi, saboda zafin da ya wuce ƙa'ida yana ƙona shafen madubin cikin fitila, kuma idan ya ƙone sai dai a sayi fitilar ɗungurungum.

Ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, daga gida zuwa ofis ko kasuwa, sabon ƙwai na asali marar ƙari daga ɗayan kamfanonin nan ya wadatar, ragowar kuɗin kuma ya kashe su wajen goge murfi da saita fitila. Ga irina da ke kwana a hanya sau huɗu ko biyar a wata, bambancin kuɗin bai dame ni ba, kuma idan waɗannan suka tsufa irinsu zan sake nema, guda biyu a tare, domin sabo ɗaya kusa da tsoho ɗaya launinsu ba ya taɓa zuwa daidai. Tsohon ƙwan masana'anta na ɓangaren hagu, wanda har yanzu yana ɗan kamawa, na naɗe shi a tsumma na bar shi a aljihun mota saboda ɓacin rana a hanya.