Bordeaux ko Côtes du Rhône: wanne ya fi biyan kuɗinsa?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara aiki a ɗakin cin abinci na wani otal, baƙi suna cewa ka zaɓar musu jar giyar inabi mai kyau wadda ba za ta yashe musu aljihu ba, kai kuma sunaye biyu ka fi gani a takarda, Bordeaux da Côtes du Rhône. Na san a cikinmu akwai waɗanda ko kusa da ita ba sa zuwa, to wannan amsa ta masu ɗaukar faranti ce irinmu.

Dukansu biyu daga Faransa suke, kuma dukansu haɗi ne, wato inabi iri biyu ko uku ake gaurayawa. Tun daga nesa za ka bambance su. Kwalbar Bordeaux tana da kafaɗa a tsaye kamar soja, ta Rhône kuwa kafaɗarta a zube take, ta gangaro a hankali.

Bordeaux, da ake furtawa Bordo, yana kudu maso yamma, kusa da tekun Atlantika, inda kogin Garonne da na Dordogne suka haɗu. Inabinsu Merlot ne da Cabernet Sauvignon da Cabernet Franc. Dalilin haɗin ma na manomi ne tsantsa. Yankin yana da ruwan sama, kuma Merlot yana riga Cabernet Sauvignon nuna, don haka idan ruwa ya ɓata ɗaya a ƙarshen kaka, ɗayan sai ya rufa asiri. Kamar dai mai shuka gero da dawa a gona guda. Cabernet ne ke kawo baurin nan da ke kama harshe da dasashi, irin na goro, Merlot kuma ya tausasa shi.

Matsalar Bordeaux ita ce sunansa ya yi masa yawa. A 1855, zamanin Napoleon na Uku, aka jera manyan gidajen giyar yankin daraja-daraja saboda baje kolin da aka yi a Paris, kuma har yau wannan jerin ke jan farashi. Amma gidajen da ke cikinsa 'yan kaɗan ne cikin dubbai. Kwalbar da aka rubuta wa “Bordeaux” kawai, mai araha, ba daga wajensu ta fito ba, inuwar sunansu take sha. Idan shekarar ta yi rana, sai ta yi daɗi. Idan ta yi sanyi da ruwa, sai ka ji ta tsinke, ga tsami ga bauri, baƙo ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin gefe. Na sha kwashe irin wannan kofi. In dole sai Bordeaux mai sauƙin kuɗi, nemi wadda aka rubuta wa “Bordeaux Supérieur” ko “Côtes de Bordeaux”, galibi Merlot ne ya rinjaya a ciki.

Côtes du Rhône kuwa yawancinta daga kudancin kwarin kogin Rhône take, wajajen Avignon, garin da fafaroma suka zauna daga 1309 zuwa 1377. Can rana ake yi sosai, ga wata busasshiyar iska mai suna mistral da ke kaɗowa daga arewa tana busar da gonaki, ruɓa ba ta cika samun wuri ba. Inabi yana nuna kusan kowace shekara. Grenache ne babba a haɗin, shi ke ba da taushi da ƙanshin nunannun 'ya'yan itace, Syrah ya ƙara launi da ɗan yaji-yaji kamar masoro, Mourvèdre ya ba shi ƙashi. Sarkin yankin shi ne Châteauneuf-du-Pape, mai tsada, amma maƙwabtansa da ke noma inabi iri ɗaya a ƙarƙashin rana ɗaya suna sayarwa da rahusa. “Côtes du Rhône Villages” mataki ɗaya ce sama da ta gama-gari, kuma bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka in kuɗin ɗaya ne, kuma a ƙasa-ƙasa, ni Rhône nake miƙawa. Ba ta cika ba da kunya ba, ba ta kuma bukatar a ajiye ta shekaru kafin ta yi laushi. Aibinta ɗaya: ƙarfinta yakan kai kashi 14 cikin ɗari ko fiye, kuma idan abincin ya ji barkono, sai ta ƙara rura wutar. Ga wanda ya yi odar gasasshen naman sa ko na rago mai kitse, ba yaji da yawa, a nan Bordeaux ke da ranarsa, don kitse yana kashe bauri.

In akwai ta Fotugal daga kwarin Douro a takardarku, ko haɗin Afirka ta Kudu mai inabin Pinotage, kada ka raina su, sau da yawa sun fi waɗancan araha.

Sai ka lura da zafinmu. Jar giya tana son ma'aunin zafi 16 zuwa 18, ɗakin ajiyarmu kuwa a watan Afrilu ya ninka haka. Ka sa kwalbar a firji na minti ashirin kafin ka kai tebur, musamman ta Rhône, don in ta yi ɗumi, zafin barasa kawai baƙo zai ji a maƙogwaro.