V8 na Lexus ko mai silinda shida na 2JZ: wanne ya dace da Datsun 240Z?

Assalamu alaikum, ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce ka gaji Datsun 240Z ƙirar 1972 daga wajen kawunka, tana ajiye a gidanku na Birni, injinta yana shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma kana so ka sauke shi ka ɗora babba na zamani da hannunka a tsakar gida. An yi maka tayin injuna biyu 'yan Kwatano, ɗaya 1UZ-FE na Lexus LS400, wato V8 mai silinda takwas, ɗayan 2JZ-GE na Lexus GS300 mai silinda shida a jere, shi ne kake tambaya wanne za ka ɗauka. Ni 2JZ zan ɗauka, amma da sharuɗɗa, kuma gara in faɗa maka tun yanzu cewa a takarda V8 ɗin ne ya fi kyau.

Mu fara da abin da ke hannunka. An fito da 240Z a ƙarshen 1969 da inji mai suna L24, silinda shida a jere, lita 2.4, da kafireta biyu, kuma ƙarfinsa doki 151 ne a ma'aunin wancan zamani. Nauyin motar duka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, abin da ya sa take da zafin nama ke nan. Shi 1UZ ya fito a 1989, lita 4 ne, silinda takwas, doki 250, kuma ƙarfin murɗawarsa Nm 353 ne, alhali na L24 bai cika 200 ba. 2JZ-GE kuwa ya fito a 1991, lita 3 ne, doki wajen 220, ƙarfin murɗawa wajen 285. Abin da zai ba ka mamaki shi ne babban ne ya fi sauƙin nauyi, domin gangar jikin 1UZ ta alminiyam ce, ta 2JZ kuwa zubin baƙin ƙarfe ce. Bayan haka V8 gajere ne, silinda huɗu-huɗu a kowane gefe, saboda haka yana komawa baya ya raba nauyinsa tsakanin tayoyin gaba da na baya, shi kuwa 2JZ dogo ne, hancinsa yana danne gaban motar. Wanda ya ce maka V8 zai sa gabanta ya durƙusa, wani injin yake nufi, ba wannan ba.

Matsalar V8 ɗin faɗi ce. Kowane gefensa yana ɗauke da sandunan buɗe bawul guda biyu, kawunansa sun buɗe kamar kafaɗun ɗan kokawa, alhali ɗakin injin 240Z an yi shi ne dogo siriri domin shida-a-jere. Motarka mai sitiyarin hagu ce, sandar sitiyari tana saukowa ta gefen hagun inji, daidai inda bututun hayaƙin V8 na hagu yake neman hanya. Kusan ko da yaushe sai an yanka bututun an ƙera sabo wanda zai kewaye sandar, ba tare da ya gasa tukunyar man birki da ke kusa ba. A 2JZ hayaƙi ta dama yake fita gaba ɗaya, gefen sitiyari fili ne. Nasa ciwon kan a sama yake, domin bututun shan iskarsa yana haurowa ta kan inji, yana iya taɓa murfin gaba, kuma duk ranar da za ka canja buji sai ka kwance shi tukuna. Ga yadda nake auna wannan: in an rataye inji a mazauninsa, sai in cura laka kamar ƙwallon fura in ɗora a wurare uku mafi tudu, in sauke murfin a hankali har ya kulle, in ɗaga, in auna kaurin da lakar ta koma. In bai kai yatsa biyu ba, injin zai riƙa bugun murfi duk lokacin da aka taka, domin yana girgiza a kan robobinsa.

Sai kwanon man da ke ƙasan inji, wanda kanikawanmu ke kira karte, kuma a nan tayin biyu duka suna da aibi iri ɗaya. A 240Z ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, wanda yake ɗauke da na'urar juya tayoyi, a gaba yake, don haka tulun karte ɗin L24 a baya yake. Na LS400 a gaba yake, na GS300 ma haka. Masu tulu a baya su ne 1UZ na Lexus SC400 da 2JZ na SC300 ko na Toyota Supra. Hanya mai tsabta ita ce ka nemi karte irin wannan tare da bututun zuƙar mansa da sandar awon mai, ka musanya. Hanya ta biyu ita ce a yanka a juya, amma ɓangaren sama alminiyam ne, yana buƙatar mai waldar argon wanda hannunsa ya faɗa, ba waldar ƙofa da taga ba. Kada kuma ka yarda karte ya sauko ƙasa da wancan ƙarfen da ya gitta, domin tudun rage gudu guda ɗaya a hanyar kasuwar Dole ya isa ya zubar maka da mai a ƙasa.

Abin da ya raba gardamar a wurina shi ne akwatin giya, wato bwat. Toyota, wadda ita ce ke ƙera Lexus, ba ta taɓa sayar da 1UZ da bwat na hannu ba, kullum da mai canja kansa ya fito. In kana son giyar hannu, dole a ƙera faifan ƙarfen da zai haɗa inji da bwat ɗin da ba nasa ba, a nemo faifan bayan inji wanda kuloci zai kama, a daidaita tsakiyarsu ba kuskuren ko kaurin takarda. In aka kuskure, motar za ta tashi ta yi tafiya, amma bayan 'yan watanni bwat ɗin zai fara kuka yana cin kansa. A Amurka da Ostareliya ana sayar da waɗannan kayan a shirye, mu kuwa sai dai a yi oda a jira, a biya sufuri da duwan. Shi 2JZ-GE ya fito daga kamfani da bwat na hannu mai giya biyar, W58, a cikin Supra da SC300, ke nan kowane ƙarfen da kake buƙata akwai shi, nemowa kawai za a yi. Ba a kan hanya yake zube ba, kuma mai yiwuwa sai ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko ka sa wani ya duba maka a Lome, amma neman abin da aka riga aka ƙera ya fi ƙera abin da babu sauƙi. In kuwa ka yarda da bwat mai canja kansa, wannan hujja tawa ta faɗi, V8 ya dawo cikin lissafi, sai dai ramin da bwat ke kwanciya a tsakiyar motar matsattse ne, za ka sha bugu da guduma. Ni dai a ganina 240Z da ba a canja mata giya da hannu ta rasa rabin daɗinta.

Wayoyi su ne inda aikin gida ya fi maƙalewa, kuma na ɗanɗana. Shekarun baya na sayi inji wurin wani mai sayar da kayan hannu, na biya ban buɗe buhun da ya ce wayoyi ne a ciki ba. Da na zazzage a gida sai na tarar an datse damin wayoyin da almakashi daidai inda yake shiga cikin mota, babu ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, babu na'urar awon iska. Wata uku na yi ina zaune kan tabarma bayan la'asar, da mita a hannu, ina bin waya ɗaya-ɗaya ina liƙa mata takarda, har yarana suka daina tambaya yaushe motar za ta tashi. Saboda haka sharaɗina na farko shi ne inji ya zo da ƙwaƙwalwarsa, da damin wayoyinsa ba yanka, da na'urar awon iska, da abin ba da wuta. Sharaɗi na biyu, a cikin kowane iri ka nemi tsohon zubi wanda ba shi da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul da kansa. Na baya-bayan sun fi ƙarfi, 1UZ mai VVT-i ya kai doki 290, amma da yawansu suna da makullin lantarki wanda ba ya barin inji ya tashi sai ya gane mabuɗin motarsa ta asali. Akwai wani dalili kuma: dukansu bel ne yake juya sandunan bawul, kuma a 1UZ na kafin 1995 da 2JZ-GE marar VVT-i, in bel ya tsinke inji tsayawa kawai yake yi, fistan ba ya dukan bawul. Ga mutumin da zai iya samun kansa tsakanin Takeita da Tasawa da tsakar rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka san kuma ƙwaƙwalwar LS400 ta farko ta yi suna wajen yoyon ƙananan kayan cikinta in ta tsufa, sannan sitatan 1UZ a binne yake cikin kwarin da ke tsakanin kawunan biyu, sai an ɗage bututun shan iska duka kafin a kai gare shi.

A maganar zafi V8 ya ci rabi ya faɗi rabi. Gajartarsa tana barin fili a gaba, ka sa lagireto mai kauri da fanka da rumfarta yadda kake so, abin da 2JZ ba zai ba ka a yalwace ba. Amma ya cika ɗakin ta gefe da gefe, iska mai zafi ba ta samun hanyar fita, ga bututun hayaƙi biyu maimakon ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, ƙafarka ce za ta fara ba ka labari. Kowanne ka ɗauka, tsohon lagireton ba zai wadatar ba, kuma matatar iska ta zama ta takarda a cikin rufaffen akwati, ba buɗaɗɗiya irin ta 'yan gayu ba, saboda ƙurar hunturu.

Mai kuwa hukuncinsu ɗaya. Kafireta da ɗan turi kaɗan take aiki, waɗannan kuwa suna son matsin wajen bar 3, da bututun mayar da rarar mai, da tankin da famfo ba zai zuƙi iska ba in an sha kwana. Ka wanke tankin, ka sa matata kafin famfo da bayansa, domin ko da yake matatar man fetur ta SORAZ tana nan kusa da mu, rana za ta zo da za ka sha na kwalba a bakin hanya.

Ka tambayi inji kawai, amma ba zan bar ka ba tare da maganar sauran motar ba. A 1962 Carroll Shelby ya ɗora V8 na Ford a ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace, aka samu Cobra, kuma da suka kai ga injin lita 7 a 1965 sai da aka sake ƙashin motar da bututu masu kauri, aka sake tsarin ƙafafunta. Taka ba ta da ƙashi daban, jikin ne ƙashin, kuma ƙarfensa siriri ne. Bushewar ƙasarmu ta taimake ka wajen tsatsa, duk da haka ka duba ƙarƙashin batir da dogayen ƙarafan ƙarƙashin ƙafa, ka ƙwanƙwasa da sukudireba. Tukunyar raba ƙarfi ta baya, R180, an yi ta ne don doki 150. Da 2JZ da ƙafa mai hankali za ta ɗan jure, da V8 kuwa R200 ta 280Z ko 280ZX ta zama dole tun ranar farko, kuma mazauninta na gaba yana yagewa in an fizgi mota. Birkin baya na ganga ne, na gaba ƙanana. A nan an yi mana gata, domin matsen birkin gaba mai fistan huɗu na tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu, ta farkon shekarun 1980, yana hawa ƙafar 240Z da ƙusoshinta na asali, kuma irin wannan ba ya wuyar samu a garejojinmu. Ka gama birki kafin ka taɓa inji. Ka kuma je ofishin sufuri da wurin masu inshorarka da katin motar kafin ka kashe ko dala, tunda ƙarfin inji yana rubuce a kati, kuma da shi ake lissafin abin da kake biya.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, wato L28, ɗan gidan L24 mai lita 2.8, wanda aka sa a 280Z da wasu tsofaffin Nissan Patrol. Yana hawa bwat ɗinka da mazauninka ba yanka ba walda, sai dai ba na zamani ba ne, kuma ƙarin ƙarfinsa kaɗan ne.

In ka tsaya a kan 2JZ, kada ka sayar da L24 wa masu awon ƙarfe, domin 240Z mai injinta na asali tana da daraja a wurin masu tara tsofaffin motoci. Ka zuba ɗan mai a kowace silinda, ka toshe ramukan da tsumma, ka ɗora shi kan tsohuwar taya a ɗaki, kuma sababbin mazaunan inji ka ɗaure su da ƙusa a ramukan asali maimakon walda. Kafin ka ba mai kayan kuɗi, ka ce ya kifa injin ya ɗauko maka hoton karte, ya shimfiɗa damin wayoyin a ƙasa daga kai zuwa kai, ya nuna lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar. Ka turo mini hotunan in duba, sannan ka auna faɗin lungun gidanku, domin na san Birni, kuma ba kowane lungu ne amalanken da ke ɗauke da inji zai iya juyawa a cikinsa ba.