Jan Mota a Bayan Motar Kwana: Sandar Ja ko Ƙaramar Tirela?

Masu yawon Amurka da motar kwana, wato babbar mota mai ɗakin kwana a ciki, sun sha tambayata wanne ya fi wajen jan ƙaramar mota a bayanta: sandar ja ko ƙaramar tirela.

Sandar ja, ƙarfen da ke haɗa motocin biyu, tana barin tayoyi huɗu na ƙaramar motar a ƙasa, haɗawa da kwancewa ba wuya. Sai dai akwai tsada, don sai an ɗaura ƙarfe a gaban motar, a ƙara mata birki. Kuma ba kowace mota ke jurewa ba: Jeep Wrangler tana iyawa, amma yawancin masu giyar otomatik giyarsu ƙonewa take, saboda mai ba ya zagayawa in inji a kashe yake. Duba littafin motarka tukuna, don Allah.

Ƙaramar tirela tana ɗaga tayoyin gaba, ta fi araha, amma ɗaure tayoyi aiki ne, ga neman wurin ajiyewa a sansani. Dukansu ba a yin ribas da su.

Mai yawan tafiya, sandar ja. Mai motar da tayoyin gaba ke ja, tirela ta ishe shi.