MSI Afterburner a laftof: na je neman ƙarin wuta na dawo da ragi

Laftof ɗina gwanjo ce, katin girafik (mai sarrafa hoton gem) GTX 1650 mai 4GB ne a cikinta, kuma tsakani da Allah tana ƙoƙari a GTA V da eFootball, amma ka san hali, da ka ga wani a YouTube ya ja wata sanda gem ɗinsa ya fara santsi sai kai ma ranka ya biya. Haka na sauke MSI Afterburner, manhajar da ake saita gudu da wutar katin girafik da ita. Kyauta ne, kuma ba lallai sai laftof ɗinka ta MSI ce ba, tawa ma ba tasu ba ce. Tare yake zuwa da RivaTuner mai nuna maka zafi da gudu da fps (yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa) a gefen sikirin kana tsaka da gem, ni wannan kaɗai ma ya biya ni.

Abin da ya kai ni dai ƙara wa katin boltej ne, kuma ban samu ba. Na shiga saitin na buɗe, na kashe na kunna, sandar tana nan a dushe ita da ta Power Limit, wato iyakar wutar da katin zai ja. Ba laifin manhajar ba ne, masu ƙera laftof ne ke kulle su tun daga vBIOS, wato manhajar da ke cikin katin kansa. Haushi ya sa har na fara binciken yadda ake yi masa filashin, wato a sake masa wani vBIOS ɗin, sai wani abokina mai gyara ya ce malam katin nan fa a manne yake da bod, in ka kashe shi ba na desktof ba ne da za ka zare ka sa wani. Nan jikina ya yi sanyi.

Sai na koma Core Clock, sandar ƙara wa katin gudu a ma'aunin MHz. +100 lafiya, +150 lafiya, ina kaiwa +200 ina cikin tuƙi a Los Santos, birnin cikin GTA V, sai ga ɗige-ɗige kore da ja a kan titi, can sikirin ya yi baƙi gem ya fita. Na dawo +130 na bar shi. Ribar? fps uku zuwa huɗu, wallahi in ba lambar kake kallo ba ba za ka gane ba.

Daga baya na fahimci inda gizo ke saƙar. Wat 50 aka yanka wa katin nan, ko ka samu ka ƙara boltej da wuri zai cinye rabonsa ya ja birki da kansa, ga shi Nvidia ta tsara shi yana rage gudu duk sanda zafi ya hau, wajen digiri 87 kuwa sai ya noƙe gaba ɗaya. To ka haɗa wannan da ɗakin Kano a watan Afrilu, waje ana 40 da ɗoriya, fankar sama iska mai zafi take hurawa.

Inda manhajar ta burge ni shi ne Ctrl+F. Taswirar boltej da gudu ce ke fitowa, na kama ɗigon 850mV na ɗaga shi wajen 1750MHz na daidaita duk na bayansa suka kwanta a layi ɗaya. Zafi ya sauko daga 85 zuwa 77, ihun fanka ya ragu, gudun ya tsaya cak ba ya hawa da sauka bayan awa guda. Na kuma sa aka buɗe laftof ɗin aka share fanka aka canza man sanyaya kan katin, ƙurar hunturu da aka ciro kamar audugar katifa.

Abin da ban so ba, fuskar manhajar ta yi tarkace da yawa ga sabon shiga, sannan sandar fanka ba ta aiki a tawa. In aka ɗauke wuta ka koma batir kuma duk saitin nan ba ya tsinana komai, sai da caja. Don Allah a shafin MSI ko Guru3D za ka sauke, akwai na bogi masu ɗauke da bairos mai haƙar kirifto da katinka. Kuma kar ka danna alamar Windows ɗin nan da ke loda saitin da an kunna sai ka yi kwana biyu kana gwadawa.