Manhajar lissafin al'ada ta kusa sa a yaye min yaro

Tauraro biyar na ba ta a watan farko, kuma har ga Allah a lokacin ta ci. Ni mai mantuwa ce. Kafin na sauke ta, duk bayan ƙaramar sallah sai na zauna ina ƙirga da yatsu, shida na sha ko bakwai, ƙarshe in rama takwas don kokwanto. Da na fara amfani da ita, ranar da na ajiye azumi da ranar da na yi wanka duk suna rubuce, kafin Shawwal ya fita na gama ramuwata. Takan kuma tuna min saura kwana biyu, sai in jefa auduga a jaka. Ƙawayena uku ni na sa suka sauke ta.

To, ga abin da ya faru ranar sunan facalata.

Ɗaki cike da mata, dangin maigidana ta ko'ina, wayata tana hannun ƙanwarsa tana ɗaukar hoton jaririya. Sai saƙo ya faɗo a saman allo, har da ɗan zanen jinjiri. Yarinyar nan 'yar sakandare ce, ga ta da son a san ta iya Turanci. Ta ɗaga murya: "Anti, wayarki ta ce kin yi lattin kwana 11, wai ko ciki gare ki?" Ɗakin ya yi tsit, sannan wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ga yarona ɗan wata 14 a cinyata yana shan nono. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige.

Kafin magariba labari ya zaga gida cewa na yi kwanika. Bayan isha'i Hajiya, mahaifiyarsa, ta aika a kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba abin kunya ba ne, rabo ne. Amma yaron nan kada ya sha ciki. Ranar Juma'a ki haɗo min kayansa in yaye shi." Kaina a ƙasa na ce, "Hajiya, babu komai fa." Ta ce, "To ita wayar ƙarya za ta yi miki?" Me zan ce? Da surukata zan zauna ina bayanin kwanakin jinina? Washegari na sa aka sayo min tsinken gwaji a kemis, na gwada, layi ɗaya. Na sake bayan kwana biyu, layi ɗaya. Shi ma maigidan sai da ya riƙa yi min wani kallo, kamar na ɓoye masa abu na faɗa wa waya. Jinin bai zo ba sai a kwana na 46, ana gobe Juma'ar. Ban taɓa murna da ciwon mara ba sai ranar.

Da na kai yaron awo na tambayi ma'aikaciyar jinya, ta yi dariya. Ta ce ai wayar ba ta ganin cikin jiki, kwanakin da na shigar kawai take tarawa ta raba. In ba ta da isassu sai ta ɗauka kowace mace kwana 28 take yi, ƙwai ya fita a na 14, alhali daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Mai shayarwa kuma sinadarin da ke kawo ruwan nono yana danne fitar ƙwai, don haka al'ada takan dawo a birkice. Tawa sai da yaron ya yi wata goma ta dawo. Na bincika manhajar ciki da bai, ban ga inda zan shaida mata ina goyo ba. Tana tambayata ko ina jin kwaɗayin cakulan, amma ba ta tambayi ko na haihu ba.

A yi adalci, da laifina a ciki. Ashe akwai inda ake ɓoye saƙonnin, can a binne cikin saiti, ni ce ban taɓa leƙawa ba. Har na sauko na ce a bar ta a tauraro uku. Sai ga tallan kayan jarirai da maganin ƙarin jini na masu ciki suna ta bina a waya, sati guda cur. Ban ce ita ta sayar da ni ba, amma raina bai kwanta ba, don na tuna a shekarar 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Flo, mai wata manhajar lissafin al'ada, da miƙa bayanan lafiyar mata ga su Facebook da Google bayan ya yi alkawarin ɓoyewa, har aka yi sulhu. Ba Flo ce tawa ba, amma in babba ta yi haka, ina ga wannan ta kyauta? Abin da ko yayata ban faɗa wa ba, na zauna ina shigar mata shekara uku.

Kuma tunda an taɓo, ga wani abin da ya daɗe yana cina. Babu Hausa a ciki, babu watan Musulunci. A Islamiyya an koya mana cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mafi ƙarancin tsarki ma 15 ne, jinin da ya zarce kwana 15 na ciwo ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Ita kuwa ko ɗigo na shigar a tsakiyar wata sai ta buɗe sabon lissafi, ta rikita min na gaba.

Ban goge ta ba, don ina jin asarar kwanakin shekara uku. Na dai kashe saƙonnin kaf, na sa mata lambar sirri, na mayar da ita tauraro biyu. Yarona yana nan yana shan nononsa. Hajiya kuwa har yau in na durƙusa gaishe ta, cikina take fara kallo kafin ta amsa.