Na ziyarci gidan Hu Xueyan a Hangzhou

Kayanmu sun maƙale a Yiwu ta ƙasar Sin, aka ce sai bayan kwana biyu za a yi lodin kwantena, ni kuwa ban iya zaman kashe wando a otal ba. Tafintana, wani saurayi Basine mai jin Larabci, ya ce mini: "Alhaji, zo in kai ka gidan ɗan kasuwar da ya tashi ba shi da ko sisi, ya zama attajirin attajirai, ya kuma mutu cikin bashi." Washegari bayan asuba muka hau jirgin ƙasa mai gudun nan, kafin hantsi muna Hangzhou.

Daga waje ba za ka ce akwai wani abu ba. Doguwar farar katanga ce a titin Yuanbao, da ƙofar da ba ta kai ta wasu gidajen masu kuɗinmu girma ba. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Amma kana tsallake dokin ƙofa sai ka ji bakinka ya mutu. An fara ginin a 1872, aka gama a 1875, zaure na buɗe maka zaure, tsakar gida na miƙa ka ga wata. Na tsaya kusa da wani ginshiƙi har ina jin ƙamshin tsohon katako. Tagogi kuwa gilashi ne mai launi da aka kawo daga Turai, rana na ratsa shi tana zuba shuɗi a daɓe.

A ɗakin da aka ajiye kujerun da ake ɗaukar maigida a kafaɗa, tafinta ya fara ba ni labarinsa. An haife shi a 1823 a gidan talakawa. Yaron shago ne a wani gidan canjin kuɗi na Hangzhou, shi ne shara, shi ne aike, shi ne bin bashi. Daga nan ya kafa bankinsa, Fukang, mai rassa a garuruwa da dama. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne hulɗarsa da Janar Zuo Zongtang: shi yake samo wa rundunarsa abinci da makamai, shi ya ciyo masa bashi daga bankunan Turawa lokacin yaƙin Xinjiang. Fadar sarkin Sin ta saka masa da hular manyan jami'ai mai jan maɓalli a ka da rigar girmamawa rawaya, abin da ba kasafai ɗan kasuwa ke samu ba.

Lambun gidan, Zhiyuan, shi ya fi ɗaukar hankalin baƙi, da tafkinsa da gadoji da kogon da aka gina da hannu daga duwatsu. Yana da kyau, sai dai cunkoson masu ɗaukar hoto bai bar ni na daɗe ba. Ka zo da sassafe, kuma ban da ranar hutu.

Ni dai hankalina na kan faɗuwarsa, don na san irinta a kasuwarmu. A 1882 ya zuba dukiyarsa wajen saye ɗanyen siliki ya kulle, yana son ya karya kamfanonin Turawa masu yanke wa manoma farashi yadda suka ga dama. Turawan suka ƙi saye, farashi ya karye, dole ya sayar da asara. A 1883 masu ajiya suka yi wa bankinsa caa, kowa na neman kuɗinsa a lokaci guda. Daga baya gidan ya koma hannun wani babban jami'i mai bin sa bashi, shi kuwa ya rasu a 1885. Shekara goma kacal da gama ginin! Duk wanda ya taɓa ɓoye buhunan masara da kuɗin mutane yana jiran tsada, ya san abin da ke hana barci. Bayansa gidan ya zama makaranta, ya zama masana'anta, ya lalace, sai a 2001 aka buɗe shi ga jama'a bayan gyara.

Shawarata, kada ka tsaya a gidan kaɗai. Taka zuwa kantin maganin gargajiya da ya kafa a 1874, Hu Qing Yu Tang, kusa da titin Hefang. Har yau ana auna saiwoyi da ganyaye a sikeli ana naɗe wa mutane a takarda. A ciki akwai allon da ya rubuta, kalma biyu da ke nufin a guji ha'inci. Tafinta ya nuna mini cewa sauran allunan waje suke kallo, wannan kuwa ciki yake fuskanta, wajen ma'aikata. Na daɗe tsaye a gabansa ina tunanin yaran shagona.

Daga nan muka taka zuwa tsohon masallacin Fenghuang, ba shi da nisa, muka yi azahar, muka nemi taliyar Musulmi a kusa kafin mu koma tasha.